Zinaren ya koma shuɗi, ina matsalar take?

Maryam (Kasala):
Assalamu alaikum malamai. Ina neman a duba min wannan. Ƙwayoyin zinare ne na nano, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, irin na tsinken gwajin cuta, masu girman nanomita 40. Hanyar Frens aka bi: mil 50 na ruwan gishirin zinare mai ƙarfin kashi 0.01 cikin ɗari, aka tafasa, aka zuba rabin mil na sitiret kashi 1 cikin ɗari. Ya fito ja kamar karkade, gwanin sha'awa. Amma ana ɗiga masa antibodi, furotin ɗin da ke kama alamar cuta, ko minti ɗaya bai cika ba ya rikiɗe ya koma ruwan shuni, zuwa safiya baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba. Sau uku ke nan. Antibodin a ruwan PBS yake kamar yadda ya zo. Gishirin zinare ba araha ba, kuma saura kaɗan.

Ustaz Habibu (Bur Sudan):
Wa alaikumus salam Malama Maryam. Ke da kanki kin faɗi amsar. PBS ruwan gishiri ne, milimola 137 na gishirin miya ke cikinsa. Ƙwayar zinaren da aka haɗa da sitiret ba ta da wata riga ta kirki. Abin da ke hana su mannewa da juna caji ne kawai: sitiret ya lulluɓe kowace da caji iri ɗaya, suna ture juna. Da gishiri ya shiga sai ya danne cajin nan, su dunƙule. Launin kuwa daga girma da tazara yake fitowa. Ƙwaya guda-guda tana shanye koren haske, wajen nanomita 520 zuwa 530, ido ya ga ja. In sun curu, shan hasken ya matsa 600 da sama, ido ya ga shuɗi. Wanda ya riga ya kwanta baƙi ba ya dawowa.

Ki fara raba antibodin da gishirinsa. Ki sa shi a jakar dayalisis ya kwana a ruwan boret mai rauni, milimola 2 ya isa, ko ki bi da shi ta 'yar matatar da ake juyawa a inji. Sannan ki ɗaga pH, wato ma'aunin tsami, na zinaren zuwa 8.5 ko 9 da fotasiyam kabonet, ɗigo-ɗigo. Da takarda za ki auna, kada ki tsoma sandar mita a ciki, domin ita ma tana tsatso gishiri, zinaren kuma ya toshe mata baki.

Kada ki zuba antibodi da ka. Ki jera ƙananan kwalabe goma, kowace mil ɗaya na zinare. Ta farko babu komai, ta biyu maikurogiram 2, ta uku 4, haka har ƙarshe. Ki bar su minti 15, sannan ki bi kowace da maikurolita 100 na ruwan gishiri kashi 10 cikin ɗari. Waɗanda antibodi bai gama rufe su ba za su yi shuɗi a gaban idonki. Ta farkon da ta tsaya ja, ita ce ma'auninki, ki ƙara kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari a kai. Bayan nan sai furotin na BSA, na jinin shanu, har ya kai kashi 1 cikin ɗari don ya cike guraben da suka rage, a juya a inji, a zubar da ruwan sama, a sake kwaɓa dunƙulen da ruwa mai sukari. Sukarin nan shi ke sa zinaren ya taso daga audugar tsinken gwaji in jini ya taɓa shi bayan ya bushe.

Dakta Rabi (Madani):
Ustaz, na yarda da komai banda pH 9 ɗin nan da kuka yanke. Wannan lissafin antibodin da aka tatso daga jinin dabba ne. Antibodin da aka samo daga ƙwayar halitta guda kuwa, kowanne da inda cajinsa ke tsayawa, wani a 6.5 yake kama zinare da kyau, a 9 ya ƙi. Ƙanwata, ki ɗauki faranti mai ramuka 96, ki jera pH daga 6 zuwa 9.5 a kwance, yawan antibodi a tsaye. Mil kaɗan zai ci miki, kuma kin huta da zato.

Wani abin da ke kashe aikin nan tun kafin a zo ga antibodi shi ne kwalba. A wanke ta da haɗin asid ɗin nan mai narkar da zinare, haidirokulorik kashi uku, naitirik kashi ɗaya, a inda iska ke fita, kuma kada a toshe bakin abin da aka haɗa shi a ciki, yana fashewa. A ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa. Ruwan famfo ko na jarka ba ya shiga wannan aiki. Cokalin ƙarfe ma kada ya taɓa gishirin zinare, yana cin ƙarfe, kuma yana jan laima daga iska, shi ya sa awonsa ke yaudara. Gara a narkar da kwalbar gaba ɗaya a ajiye ruwan a duhu. In tafasar ta tafi daidai za ki ga rawaya ya ɓace, ya yi fari, ya yi toka-toka mai duhu, sannan ja ya fito. A firji yake zama, amma in ya daskare ya mutu.

Ustaz Habibu (Bur Sudan):
Gyara ya karɓu, Dakta. Ni dai wurin farawa na ba ta.

Maryam (Kasala):
Allah Ya saka. Na'urar awon girma ta hasken leza ta ba ni nanomita 95, ni kuwa 40 nake nema. Hanyar ce ta ɓaci?

Dakta Rabi (Madani):
Ba lalle ba. Na'urar nan manya take gani. Ƙwayar da ta ninka 'yar'uwarta girma sau goma tana watsa haske ninki miliyan, don haka 'yan dunƙulalle kaɗan ko ƙurar ɗaki sun isa su ja lissafin sama. Ki tace, ki sake aunawa, ki duba faɗin rabon, wato lambar da ke nuna yadda girman ƙwayoyin ya bambanta. In ya haura 0.2 akwai gauraye. Ki haɗa da awon haske: tudu ɗaya siriri kusa da 528 alama ce mai kyau, kafaɗa a wajen 650 kuwa dunƙulewa ce.

Malam Idi na lab (Gadarif):
Tunda an taɓo tsinke, bari in kawo ku inda yake ƙarewa. Jan layin da ake gani a gwajin maleriya wannan zinaren ne. Jini ya shiga ta audugar farko, ya kwashi zinare mai ɗauke da antibodi a ta biyu, ya bi takardar naitiroselulos, inda layin gwaji ke tare wanda ya kamo furotin ɗin cuta, layin tabbaci kuma ya tare sauran. To zafi yana cin abubuwa biyu a nan: antibodin da aka shafa a layi, da sukarin da ke riƙe zinaren. Yawancin kwalaye an rubuta digiri 2 zuwa 30, wasu har 40. Ɗaki mai rufin kwano a Gadarif a watan Afrilu ya wuce haka, bayan mota kuwa ba a magana. Abin haushin, layin tabbaci na iya fitowa ras alhali na gwaji ya raunana, domin antibodinsu ba ɗaya ba ne. Sai a ce wa mai zazzaɓi ba shi da komai.

Sauran kurakuran na hannu ne. Maikurolita 5 na jini ake so, in an cika sai takardar ta rine ja, layi mai rauni ya ɓuya. Ruwan bafa, wanda ke zuwa cikin kwalin don tura jinin, ya ƙare a ɗiga ruwan allura ko na gishiri, wannan yana fito da layin ƙarya. Bafa na wani kamfani ma ba ya aiki a tsinken wani. A karanta a minti 15 ko 20 yadda aka rubuta, abin da ya fito bayan rabin awa ba a lissafa shi. Leda kuma ba a farke ta sai mara lafiya na zaune.

Ɗanlami (Mai Wurno):
Malam Idi, ya batun randa biyu? Ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta iso Darfur. Inda babu wuta ba za ta riƙe tsinken ba?

Malam Idi na lab (Gadarif):
Da rani tana sauke zafi sosai, domin iska a bushe take. Da damina kuwa, lokacin da maleriya ta fi yawa, ƙarfinta ya ragu. Kuma laima maƙiyiyar tsinke ce, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. In za a yi, a sa kwalayen cikin roba mai murfi da ke kamewa, a jefa ma'aunin zafi a ciki, a riƙa rubutawa safe da azahar. In an farke leda aka ga 'yar jakar shan laimar ta canja launi, a jefar da tsinken.

Dakta Sule (Kasala):
Ku bar ɗora wa zafi komai. Akwai gwajin da ke cewa babu alhali tsinken lafiyarsa lau. Mafi yawan tsinkayen maleriyar falsifaram furotin ɗin ƙwayar cutar mai suna HRP2 suke nema, kuma akwai ƙwayar cutar da ta yar da asalin halittar da ke ƙera shi. An fara ganin haka a Peru a 2010. A 2016 aka same shi da yawa a Iritiriya, har ƙasar ta canja tsinke, an kuma same shi a Habasha da Jibuti da nan Sudan. Mu da ke bakin iyaka, abin a ƙofarmu yake. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in irin wannan kuskure ya kai kashi 5 cikin ɗari, a koma tsinken da ke neman wani furotin ɗin ƙwayar cutar, LDH. Duk kyan zinarenki, Maryam, in abin da antibodi ke nema babu shi a jinin, layi ba zai fito ba. Ga kuma akasin haka: HRP2 na zama a jini makonni bayan an warke, don haka ba a tabbatar da warkewa da shi. In zazzaɓi ya yi tsanani kuma tsinke ya ce babu, a shafa jini a gilashi a duba da maikuroskof.

Malam Idi na lab (Gadarif):
Haka ma tsinken kala'azar, cutar zazzaɓi mai daɗewa da kumburin saifa. Furotin ɗin da aka shafa a layinsa, rK39, daga ƙwayar cutar Barazil aka samo shi. A Indiya da Nepal kusan ba ya kuskure, a nan gabashin Afirka yana tsallake wasu. Shi ya sa aka haɗa rK28, aka sa masa wani yanki daga ƙwayar Sudan, ya fi kamawa a wajenmu. Kuma shi ba cutar yake gani ba, martanin jiki yake gani, wanda ke daɗewa shekaru. Mutumin ƙauyukan gaɓar Atbara ko Rahad, inda aduwa da talha da baƙar ƙasa mai tsagewa suke, zai iya nuna layi biyu don ya taɓa yi a da. Sai an haɗa da zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da kumburin saifa, an kuma cire maleriya. Wanda cutar ta dawo masa, sai an tsotso ruwan kaluluwa ko ɓargo an gani da ido. Mai ƙanjamau kuma tsinken na iya fita fari.

Hajiya Asabe (Gadarif):
Gishirin da ya ɓata wa 'yata Maryam zinare, shi ne dai ke ɓata magani mafi tsada a ɗakin masu kala'azar. AmBisome ƙwanson kitse ne da bai kai nanomita 100 ba, maganin amfoterisin na maƙale a jikin bangonsa. Yadda ake haɗa shi ba a yi masa kwaskwarima. Kwalba miligiram 50 ce. A zuba mil 12 na ruwan allura zalla, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 30 har ya zama rawaya mai hazo, babu gudaji. Kowane mil yanzu miligiram 4 ne. A zuƙo da sirinji, a ɗaura matatar maikuron 5 da ke zuwa cikin kwalin, a tura ta cikinta zuwa ledar ruwan sukari, dekstros kashi 5 cikin ɗari. Matata ɗaya, kwalba ɗaya. Ruwan gishiri ko kusa, yana sa shi ya tsinke ya kwanta. In da an ba da ruwan gishiri ta wannan jijiya, a wanke robar da ruwan sukari tukuna, ko a nemi wata jijiyar.

Misali, yaro mai kilo 20, miligiram 5 a kowane kilo: miligiram 100, kwalba biyu, mil 25. A cika shi mil 100 da ruwan sukari, ya tafi cikin awa biyu. Jimlar da ake nema a yankinmu miligiram 30 ne a kilo, wato kwalba 12 ga wannan yaro. A Indiya allura ɗaya ta miligiram 10 a kilo tana warkarwa, a nan ba ta yi, kada wani ya karanta takardar can ya kawo mana. Ajiya kada ta haura digiri 25, kada ya daskare. Wanda aka riga aka jiƙa, awa 24 a firji. A riƙa duba fotasiyam da aikin ƙoda, domin rigar kitsen rage dafin ta yi, ba ta kawar da shi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne suna. Akwai tsohon amfoterisin marar riga, shi ma rawaya, shi ma miligiram 50 a kwalba. Shi ba a wuce miligiram 1.5 a kilo. In aka ba da shi da awon mai riga, zuciya na iya tsayawa. A rubuta cikakken suna a takarda, kada a taƙaita.

Ɗanlami (Mai Wurno):
Hajiya, to me ya sa ba shi ake fara ba kowa ba?

Hajiya Asabe (Gadarif):
Tsada da sanyi, ɗana. Na farko a nan maganin SSG ne, wato sodiyam sitiboglukonet, da faromomaisin, allura biyu kullum kwana 17. Mai riga ana ajiye shi ga mai juna biyu, da jarirai da tsofaffi, da wanda ya galabaita, da mai ƙanjamau. Shi na ƙarshen ana haɗa masa da miltefosin na kwana 28.

Dakta Sule (Kasala):
Bari in tsokano tsuliyar dodo. Ƙwanson kitse tun shekarun 1960 Alec Bangham ya bayyana shi a Ingila, zinaren sitiret kuma Turkevich ya wallafa shi a 1951. Ba wanda ya kira su nano a lokacin. Abin da aka yi ta tallatawa da sunan nano shi ne harsashi mai ido, wai ƙwaya za ta bi jini ta nemo ciwon daji ta sauke masa magani. Ina yake? A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Toronto ta tattara binciken shekara goma, ta samu cewa abin da ke isa ƙari a jikin dabbobin gwaji kashi 0.7 ne cikin ɗari na abin da aka yi allura. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dakta Bilkisu (Jidda):
Dakta Sule, adadin gaskiya ne, hukuncin ne ya yi tsauri. Maganin daji marar riga ma abin da ke isa ƙari ɗan mitsitsi ne. Tambayar ita ce ina sauran ya tafi, me ya ɓata a can. Ɗauki Doxil, maganin daji na doksorubisin mai riga da ya fito a 1995. Doksorubisin tsirara yana cin tsokar zuciya, shi ya sa ake tsayawa a jimlar miligiram 450 zuwa 550 a kowace murabba'in mita ta jiki. Da aka cusa shi a ƙwanso aka yi masa gashin PEG, wani sinadari da ke ɓoye shi daga masu share dattin jiki, sai ya riƙa yawo a jini kwana biyu zuwa uku, zuciya ta sami sauƙi, zubewar gashi ta ragu. Amma dafin bai ɓace ba, ƙaura ya yi: tafin hannu da na ƙafa su yi ja su saɓule, baki ya yi gyambo. Ana fara shi a hankali, miligiram ɗaya a minti, saboda wasu na jin ƙirji ya ɗaure fuska ta yi ja a mintunan farko. Shi ma ruwan sukari kawai.

Kada kuma a mai da wannan doka ga kowane nano. Abraxane, faklitaksel da aka naɗe da albumin, nanomita 130, da ruwan gishiri ake jiƙa shi, mil 20 ga miligiram 100, a zuba ta jikin bangon kwalba a hankali, a bar shi minti biyar, a juya ba girgiza ba don kada ya yi kumfa. Wancan a girgiza, wannan kada a girgiza. Kowanne da takardarsa.

Dakta Sule (Kasala):
Kin taya ni ne ai, Dakta. Rage dafi kika lissafa, ba nemo ƙari ba.

Dakta Bilkisu (Jidda):
Rage dafi ba ƙaramin abu ba ne ga matar da zuciyarta ba za ta ɗauki wancan ba. Amma e, batun jijiyoyin ƙari masu yoyo da masanin Japan Maeda ya bayyana a 1986 ya fi fitowa a ɓera. Ƙarin ɓera cikin mako biyu yake girma, na mutum shekaru, ga tauri, ga matsin ruwa a cikinsa da ke turo abu waje.

Ustaz Habibu (Bur Sudan):
Ku duba inda sauran kashi casa'in da wani abu ke tafiya, a nan zancen yake. Ƙwaya na shiga jini furotin ke lulluɓe ta cikin daƙiƙoƙi, har ya rufe antibodin da aka wahala aka ɗaura mata. Abin da bai kai nanomita 6 ba ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Abin da ya haura 200 saifa ta tace shi. Na tsakiya kuma ƙwayoyin share dattin jiki, makurofaj, su haɗiye shi a hanta da saifa da ɓargo. Ga mai neman ƙarin nono wannan asara ce. To amma a ina ƙwayar kala'azar take zaune? Cikin makurofaj na hanta da saifa da ɓargo. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba wanda ya yi wa AmBisome ido, jiki ne ke kai shi inda ya saba kai baƙo, aka yi dace cutar na can. Ni a ganina ɗalibin da ke neman aikin bincike a ƙasar nan ya fara da tambayar wace cuta ce ke zaune a inda ƙwayar za ta je ko an so ko an ƙi.

Yakubu mai hoto (Riyad):
Ustaz, a hoto ma haka abin yake. Ƙwayoyin tsatsar ƙarfe in sun yi ƙanƙanta, ƙasa da nanomita 20 ko makamancin haka, suna zama maganaɗisu ne kawai in suna cikin filin maganaɗisu, da an fito da su sun saki. Shi ya sa ba sa curewa a jijiya. A MRI inda suka taru yana yin baƙi. Hanta mai lafiya cike take da makurofaj, sai ta haɗiye su ta yi duhu, ƙarin da ba shi da su ya tsaya fari. Kaluluwa ma haka, bayan kwana ɗaya: mai lafiya baƙa, inda daji ya ci fari. Wato ba ciwon ake rinawa ba, naman da ke kewaye da shi ake rinawa.

Na farkon irinsu, Feridex, an daina yin sa wajen 2008, kasuwa ba ta karɓe shi ba. Wanda ya rage a hannu ferumoksitol ne, da aka yi wa rajista a Amurka a 2009 a matsayin maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda, masu hoto suka aro shi. Amfaninsa, mai ciwon ƙoda da ake jin tsoron ba shi gadoliniyam, rinin MRI da aka saba, zai iya karɓarsa, kuma yana zama a jini kusan awa 15 kafin rabinsa ya tafi, ana ɗaukar hoton jijiyoyi ba gaggawa. Amma tun 2015 aka sa masa gargaɗi mai ƙarfi saboda borin jini mai kisa. A tsarma shi, ya shiga cikin minti 15 ko fiye, a zauna da mutum rabin awa, adirenalin na kusa. A kuma rubuta masa a kati, domin yana iya canja hoton MRI har wata uku, wani likitan ya ga hanta baƙa ya ɗauka wata cuta ce.

Dakta Bilkisu (Jidda):
Wanda nake ganin ya dace da gida shi ne na kaluluwar hammata. A tiyatar dajin nono ana neman kaluluwar farko da ruwan da ke tsatsowa daga naman nonon ke zuba a cikinta. In ba ta kamu ba, an huta da kwashe hammata gaba ɗaya da kumburin hannu na har abada. Hanyar da aka saba tana buƙatar teknishiyam, sinadarin nukiliya da ake bin sawunsa da na'ura, wanda rabinsa ke mutuwa cikin awa 6, tukunyar da ake tatsarsa kuma sai an sabunta ta kusan kowane mako daga waje. A halin da hanyoyi suka shiga tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, wannan ba abin dogaro ba ne. Magtrace tsatsar ƙarfe ce, nanomita 60, tana zaune a ma'aji ba ta lalacewa da sauri. A yi allurarta ƙarƙashin kan nono, a murza minti biyar, a jira aƙalla minti 20, ko ma a yi ta kwanaki kafin tiyata. Sanda mai jin maganaɗisu ta nuna inda take, kaluluwar ma ta yi ruwan ƙasa.

Dakta Sule (Kasala):
Sandar nawa take? Kuma duk ƙarfen da ke kusa yana ruɗa ta, sai an nemo maƙatan roba. Ga tabon ruwan ƙasa a fata in an yi allurar sama-sama, ga inuwar da take bari a MRI na nonon watanni, wani lokaci fiye da shekara. Shuɗin metilin kashi 1 cikin ɗari yana nan a kowane kantin magani.

Dakta Bilkisu (Jidda):
Yana nan, kuma a hannun wanda ya ƙware yana aiki. Sai dai shi kaɗai ya fi tsallake kaluluwa, in ya shiga cikin fata yana kashe ta, ba a ba mai juna biyu, kuma mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, jininsa na iya fashewa, wanda ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Inuwar MRI kuwa, mata nawa ne a Sinnar ko Damazin ake bibiyarsu da MRI na nono? Tsadar sandar ce hujjarka mai ƙarfi, a nan ban da amsa.

Maryam (Kasala):
Malamai, na dawo. An yi farantin. A pH 8 ya tsaya ja daga maikurogiram 8 zuwa sama, a 9 sai da ya kai 14, a 6.5 duk ya yi shuɗi tun kafin gishiri. Sabuwar matsala: bayan juyi a inji, zinaren ya manne a bangon roba kamar an shafa kwalli, ya ƙi narkewa.

Dakta Rabi (Madani):
To ki tsaya a 8, ki sa maikurogiram 9 ko 10. Mannewar kuma gudu ne ya yi yawa, ko kin juya kafin BSA ya zauna. Ki ba shi rabin awa. Da ƙarfin g, wato ƙarfin jefawar injin, za ki yi lissafi, ba da yawan juyi a minti ba, domin kowane inji da tsawon hannunsa. Ki fara daga 4,000 na minti 15. In ruwan sama ya rage ja-ja, ki kwashe shi ki sake juya shi dabam, kada ki ƙara wa na ƙasan gudu. Dunƙule mai kyau laushi gare shi, ja mai duhu, yana motsi in kin karkata robar.

Malam Idi na lab (Gadarif):
In kin kai ga busar da shi a auduga, ki raba tsinkayen gida biyu. Rabi a firji, rabi a akwatin ɗumi a digiri 45 cikin leda da jakar shan laima, ki riƙa gwada su duk mako da samfur mai rauni, ba mai ƙarfi ba. Mai ƙarfi ko mataccen tsinke zai nuna shi.

Maryam (Kasala):
Audugar gilashi ce a hannu, ba a yi mata komai ba. A jiƙa ta da wani abu kafin a zuba zinaren?

Ustaz Habibu (Bur Sudan):
A jiƙa ta. Boret a pH ɗin da kika tsaya, BSA kashi 1, sukari kashi 5 zuwa 10, da ɗan Tween 20, sinadari mai aikin sabulu, kamar kashi 0.05 cikin ɗari. Ta bushe sarai a digiri 37 kafin zinare ya hau, in ba haka ba zai taru a gefe ya bar tsakiya fari. Tween ɗin kada ya wuce haka, yana wanke antibodin layin gwaji daga kan takardar.